Yadda munka tace takardun masu neman koyar da leƙen asirin soja a Sakkwato

Wani kamfanin horaswa ne ya samu kwangilar kawo malamai na wucin gadi don wani gajeren kwas da za a yi ma ƙananan sojoji nan Sakkwato, yawancinsu kofur-kofur da saje-saje irin waɗanda ake turawa gabashin jiha da bakin iyaka, kuma cikin darussan akwai na tattara bayanan sirri da rubuta rahoto. Malami guda ake nema ga wanga darasi. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, ba kuma zan faɗi sunan kowa ba, don aikin bai yarda da haka ba. Kwamitin da anka kafa na mutum huɗu ne: wani Kanar mai ritaya shi ne shugaba, sai wata Hajiya da ta daɗe tana koyar da malamai dabarun koyarwa, sai wakilin kamfani, sai ni da sana'ata ita ce ɗaukar ma'aikata. Mu namu tacewa ne da ba da shawara, tantancewar ƙarshe ta fuskar tsaro tana hannun hukumar soja, wannan tun ranar farko Kanar ya ja mana kunne a kai.

Duk wanda ke zaune jihar nan ya san dalilin da ya sa wanga kujera ba ta wasa ba ce. Hedkwatar runduna ta 8 tana nan Sakkwato, ga barikin Giginya, amma aikin gaske can yake Isa da Sabon Birni da Goronyo da Rabah, inda 'yan bindiga sunka hana mutane noma da cin kasuwa shekara da shekaru, ba mu manta harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021 ba, ba mu manta matafiyan da anka ƙona cikin mota a yankin Sabon Birni a Disambar shekarar ba. Ta ɓangaren Tangaza da Gudu kuma ga Lakurawa, wata ƙungiyar masu ɗauke da makamai da hedkwatar tsaro ta fito ta yi maganarsu a Nuwamban 2024, bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya riga ya sanyaya hulɗar da ke tsakanin sojojin ƙasashen biyu. An maye gurbin rundunar haɗin gwiwa ta Hadarin Daji da ta Fansan Yamma, an ƙaro dakaru, an ƙaro jirage, amma dai duk abin da jirgi zai yi da duk inda mota za ta bi, daga wani rahoto yake farawa, kuma sau da yawa wani ƙaramin soja ne ya fara rubuta shi. In rahoton ya karkace, rayuka ke tafiya. Abin da ya faru a Tudun Biri ta jihar Kaduna a Disambar 2023, inda bom ya faɗa kan masu Maulidi kuma soja sunka amsa cewa kuskure ne, ya ishi kowa tunani. To wanda zai koya ma wanga ƙaramin soja yadda ake bambance abin da ya gani da abin da anka gaya mashi, shi muke nema.

Matsala ta farko daga sanarwar neman ma'aikacin ta taso. Kamfanin ya rubuta ana son mai digiri ko makamancinsa, wanda ya yi aƙalla shekara 10 a fagen, sannan anka ƙara wani layi wai mai nema shi kawo cikakken bayanin ayyukan da ya gudanar. Wanga layi a aikin banki ko na asibiti daidai yake, amma a nan tarko ne, kuma za ku ga yadda ya kama mutum. Sibi, wato takardun tarihin karatu da aiki na masu nema, sun shigo da yawa, mafi yawansu ba su ɗau lokaci ba: masu digirin nazarin laifuka da ba su taɓa aiki ko'ina ba, shugabannin masu gadi na kamfanoni, tsoffin 'yan sanda, da wasu tsoffin jami'an farin kaya. Su na ƙarshen nan na so a tsaya a kansu, Kanar ya ce a'a Malam, mutanen kirki ne kuma sun san aikinsu, amma tun 1986 da gwamnatin Babangida ta raba tsohuwar hukumar tsaron ƙasa ta NSO gida uku, SSS, wato su farin kaya, na cikin gida, NIA na waje, DIA na tsaron soja, kowa da layinsa, kuma yaron da za a koya mawa kwamandan bataliya zai kai ma rahoto, shi kuwa kwamanda tambayarsa su nawa ne, ina sunka nufa, da mi suke tafe, ta ina zan tare su. Mutum huɗu sunka rage.

Kafin mu buɗe na farko Kanar ya kawo wata shawara wadda ita ta gyara mana aikin duka. Ya ce a sana'arsu in rahoto ya zo abu biyu ake aunawa daban-daban, wanda ya kawo labarin da kuma labarin kansa. Mai kawowa ana ba shi harafi daga A zuwa F, A shi ne wanda anka daɗe ana gwadawa bai taɓa ba da kunya ba, E wanda anka san ba abin dogaro ba ne, F kuwa wanda ba a da abin da za a auna shi da shi tukuna. Labarin kuma lamba ce daga 1 zuwa 6, 1 wanda wata majiya daban ta tabbatar, 5 wanda da wuya ya zama gaskiya, 6 wanda ba a iya yanke mashi hukunci. Ya ce to sibi ma rahoto ne, mutum ne ke ba da labarin kansa, don haka duk layin da ke ciki F6 ne har sai mun samu wani abu daga waje da ya ɗaga shi. Gaskiya wanga tsari ya burge ni ƙwarai, don ya hana mu abin da kwamitoci sunka saba, wato a ga takarda mai kauri da kyakkyawan Turanci zuciya ta riga ta ba da maki tun ba a bincika komai ba.

Na farko Laftanar-Kanar ne mai ritaya, sibinsa shafi bakwai. Ya fito makarantar horar da hafsoshi ta NDA Kaduna, ya yi kwas ɗin manyan hafsoshi a Jaji, ya je Saliyo ƙarƙashin rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG shina ƙaramin hafsa, ya je Darfur, ya yi arewa maso gabas, daga baya ya yi Zamfara da nan gabashin Sakkwato. Satifiket-satifiket ɗinsa duk na gaske ne, babu wanda ya yi shakka. Wakilin kamfani tun a shafi na biyu ya ce ai an gama, ga mutum. Amma da munka bi shekarun ɗaya bayan ɗaya sai munka ga yawancin aikinsa jagorantar dakaru ne da aikin mulki a hedkwata, zamansa a kujerar bayanan sirri bai kai shekara biyu ba, kuma ko sau ɗaya ba a nuna ya tsaya gaban aji ba. Wannan kaɗai ba zai kore shi ba. Abin da ya kore shi shafi na biyar ne. Saboda sanarwa ta ce a kawo cikakken bayani, bawan Allah ya zauna ya jero samamen da ya ce shi ya tsara, da sunan ƙauye, da wata, da shekara, har a wuri guda ya rubuta cewa nasarar ta samu ne ta hanyar wani mutum da ya ɗauka a cikin garin, ya faɗi sana'ar mutumin ya kuma faɗi kasuwar da yake ci. Bai rubuta suna ba, amma a ƙauyen da masu wagga sana'a ba su wuce biyu ko uku ba, ai an rubuta.

Kanar ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambayi wakilin kamfani hannu nawa wagga takarda ta bi kafin ta iso teburinmu. Anka lissafa: an turo ta ta imel, sakatare ya buɗe, an kai shagon kwamfuta an buga, an yi kwafi huɗu. Kanar ya ce Hajiya, Malam, ku dubi nan da kyau, a yankin nan mutum in anka zarge shi da kai ma soja labari ba kotu ake kai shi ba, da dare ake zuwa gidansa, kuma ba shi kaɗai ake taɓawa ba. Wakilin kamfani ya ce ranka ya daɗe ai mu munka ce a kawo cikakken bayani, laifin sanarwa ne. Hajiya ta ce ko da laifin sanarwa ne, wanda ya cancanci kujerar shi ne wanda zai karanta wanga layi ya ƙi bin sa. Ni ma nan na tsaya, kuma har yau nan nake. Akwai dokar sirrin gwamnati tun 1962 kuma ritaya ba ta sauke ta daga wuyan mutum, amma ko ba doka, malamin da zai koya ma yara kare majiya ba zai zama wanda ya tona tasa majiyar don neman aikin wata uku ba. Abin ya yi ma Kanar ciwo don mutumin ƙaninsa ne a aiki, shi da kansa ya kira shi ya gaya mashi, sannan ya tattara kwafin duka ya miƙa inda ya dace, anka sa sakatare ya goge na kwamfuta a gabanmu.

Na biyu tsohon samanja ne daga sashen leƙen asiri na sojan ƙasa, sibinsa shafi ɗaya da rabi, bugun ma bai yi kyau ba. Ya shiga ta Depot Zariya shina kurtu, ya yi shekara 35 ya fita. Kowane layi gajere ne: shekara kaza zuwa kaza, runduna kaza, aikin sashe. Babu sunan samame ko ɗaya. Amma ya jero kwasa-kwasan da ya yi da lambar kowane kwas da shekararsa, ya nuna ya koyar a makarantar sashen nasu har zubi biyu, shekara shida in an haɗa, ya sa lambarsa ta aiki, ya haɗa takardar sallama, ya ba da sunan manyansa biyu da za a iya tambaya. Wajen harsuna ya rubuta Hausa, Fulatanci, Zabarmanci, da Faransanci kaɗan, kuma kalmar kaɗan ɗin shi ya rubuta ta da kansa. A ƙasa ya ƙara layi guda cewa sauran bayanin aikinsa sai ta hannun hukuma. Ba shi da digiri, difloma gare shi. A tsarin makin da kamfani ya zo da shi, wanda ke ba digiri da muƙami da yawan ayyuka kaso mafi tsoka, wanga mutum shi ne na ƙarshe cikin huɗun, kuma da ni kaɗai anka bar ma takardun da tsarin da na saba aiki da shi a wasu wurare, nan zai tsaya. A wagga sana'a wanda ya fi sanin aiki sau da yawa shi ne takardarsa ta fi ƙaranci, don abin da ya fi iyawa ba ya rubutuwa.

Na uku Dakta ne, malamin jami'a, ya yi rubuce-rubuce masu kyau kan rikicin manoma da makiyaya da yadda makamai ke ƙetaro iyaka, ya iya aji, takardunsa tsaf, amma bai taɓa aiki cikin runduna ba. Na huɗu matashi ne da ya ce ya bar soja shina Kyaftin, sibinsa cike da satifiket na intanet kan jirage marasa matuƙa da bibiyar bayanai a Facebook da taswirar tauraron ɗan adam, abubuwan da gaskiya ana bukata yanzu. Sai dai watannin da ya ce shina wani kwas a ƙasar waje su ne dai watannin da ya ce shina bakin daga a Borno, ya kuma ambaci kwalejin leƙen asirin tsaro da ke Karu a Abuja ba tare da lambar kwas ko shekara ba, kuma babu takardar sallama. Ba mu ce ƙarya ya yi ba, kuskuren bugu na faruwa, munka rubuta mashi ya kawo takardar ya gyara kwanan watan.

Ana cikin haka sai ga waya daga wani babba, ba kai tsaye ba, ta bakin wakilin kamfani, wai a duba lamarin Laftanar-Kanar da idon rahama, kuma wai in an sa samanja marar digiri a takardar kwangila masu biyan kuɗi za su ga kamar an rage daraja. Kanar ya ce a gaya ma mai wayar an ji, an gode. Hajiya ita ta warware gardamar digirin, ta ce sanarwa ta ce digiri ko makamancinsa, kuma shekara shida gaban aji a makarantar soja in ba makamancinsa ba ce to a faɗa mata mi ne ne. Ta kuma kafe cewa ba za ta sa hannu kan kowa ba sai ta ga ya koyar, don ta ga masu ilimi da yawa da in sun tsaya gaban allo sai ɗalibi ya fita da ruɗanin da ya fi wanda ya shigo da shi. Gani ya kori ji, in ji ta.

Gwajin minti 20 ne ga kowa, da wasu tsoffin sojoji ƙanana da anka roƙa su zauna a matsayin ɗalibai. Kanar ya ƙirƙiri labari, ba na gaske ba, da sunayen garuruwa na ƙarya: rahotanni uku sun shigo a yini guda cewa an ga babura sun nufi wani gari, ɗaya daga ɗan sa-kai ya ce sun kai hamsin, ɗaya daga direban mota ya ce sun fi ɗari, ɗaya daga mai unguwa ya ce wani Bafulatani da ke rugar bayan gari shi ne infoman 'yan bindigar da ke kan baburan. A koya ma kofur abin da zai rubuta.

Dakta ya yi lacca mai daɗin ji, ya zana matakan aikin a allo, daga umarnin kwamanda zuwa tattarawa zuwa tacewa zuwa isarwa, ya yi bayanin tarihin gabar da ke sa a riƙa jefa ma makiyaya zargi, kuma duk abin da ya faɗa daidai ne. Amma minti 20 sun ƙare ba wanda ya rubuta layi guda, kuma rabin maganar da Turancin da ɗaliban sunka yi ta gyaɗa kai kawai. Kyaftin ya zo da kwamfuta ya nuna yadda za a duba hanyar a taswira a auna minti nawa babur zai yi, abin sha'awa, sai wani daga cikin tsoffin ya tambaye shi, Oga in babu sabis fa? Tambaya ce ta wanda ya zauna wurin, don a Satumbar 2021 an rufe layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi da dama na Sakkwato, kuma ko ba a rufe ba akwai dazukan da waya ba ta kamawa. Kyaftin bai da amsa mai ƙarfi, kuma ya haɗa rahotannin uku ya ce tunda majiya uku sun faɗa to an tabbatar.

Samanja bai taɓa allo ba sai can ƙarshe. Ya gaida Kanar da Yallaɓai, ya juya ga ɗaliban ya ce yarana kowa shi ɗauki biro. Tambayarsa ta farko: cikin mutum ukun nan wa ya gani da idonsa? Sai ya sa su koma su tambayi kowane mai labari, shi shina amsawa a madadinsu daga takardar Kanar, har ta fito cewa direba a tasha ya ji, kuma daga bakin ɗan sa-kan nan ya ji, mai unguwa ma ɗan sa-kan ne ya je ya gaya mawa. Ya ce to majiya nawa gare ku? Sunka ce ɗaya. Ya ce haka ake kashe mutane da labari guda da ya zagaya gari ya dawo da riga uku. Daga nan ya sa su raba takarda gida uku, abin da anka gani, abin da anka ji, abin da ni nake zato, ya ce na ukun ba haramun ba ne amma dole a rubuta cewa zato ne. Ƙarfe nawa, daga wane tudu ya hango, babura ya ƙirga ko ƙura ya gani, mutum nawa kan kowane babur, gabas sunka yi ko arewa. Maganar Bafulatanin kuwa ya tsaya a kanta sosai, ya ce a rubuta ta a matsayin zargi daga mutum guda, a kuma bincika ko akwai rikicin gona ko na burtali ko na bashi tsakaninsa da mai unguwa, don ya sha ganin an yi amfani da soja an rama gabar da ba ta shafi tsaro ba, kuma duk ran da anka kama marar laifi, rugar nan duka ta rufe baki, an yi asarar kunnuwa. Ya hana su rubuta sunan ɗan sa-kan ko unguwarsa a jikin rahoton. Da lokaci ya cika kowane ɗalibi na riƙe da rahoto mai layi shida ko bakwai da za a iya karantawa ta rediyo cikin minti guda.

Rauninsa ma ya fito fili, ba mu ɓoye shi a rahotonmu ba. Hajiya ta ba shi kwamfuta ya buɗe taswira abin ya gagara, kuma ya bar aiki kafin lamarin Lakurawa ya yi ƙarfi, shi da kansa ya ce sai an sabunta mashi bayani kan ɓangaren Tangaza da Gudu. Sannan shekaru sun ja, tsayuwar yini guda gaban aji za ta yi mashi nauyi.

Bayan gwaji anka koma kan haruffa da lambobin Kanar. An rubuta ma hukuma ta hanyar da ta dace, amsa ta ɗau makonni, amma da ta zo lambar aikin samanja da shekarunsa da kwasa-kwasansa da zaman koyarwarsa duk sun yi daidai da abin da ya rubuta, manyansa biyu kuma Kanar ya yi magana da su daban-daban ba tare da ɗaya ya san an kira ɗayan ba. Jami'ar Dakta ta tabbatar da shi cikin kwana kaɗan. Kyaftin ya ce takardar sallamarsa tana Abuja zai aiko, an ƙara mashi wa'adi, bai aiko ba, fayil ɗinsa ya tsaya a F6 anka rufe shi haka nan.

Shawarar da munka miƙa ita ce a ɗauki samanja a matsayin malamin darasin, a ba Dakta awa kaɗan a mako kan tarihin rikicin da dokokin kare farar hula a ɓangaren da ba na sirri ba, a kuma nemi rundunar ta ba da wani matashin soja mai hannu a kwamfuta da taswira ya riƙa taya samanja. Wakilin kamfani ya sa hannu amma ya rubuta a gefe cewa shi ya fi son mai babban muƙami, an bar mashi ra'ayinsa a takarda. Hukuma ta amince da samanja, ta kuma amince da Dakta bisa sharaɗin ba zai shiga ajin da ake aiki da rahotannin gaske ba. Sanarwar kuma an sake ta don zubi na gaba: an cire layin cikakken bayanin ayyuka, an sa gargaɗi a sama cewa duk wanda ya ambaci samame ko wuri ko majiya an cire shi, an nemi lambar aiki da takardar sallama da lambobin kwas da shekarun koyarwa da harsunan da mutum ke ji, an ce a haɗo da tsarin darasi guda na shafi ɗaya, kuma a kawo takardu da hannu cikin ambulan a rufe, ba ta imel ba.